Dashen ƙoda: Wa ya cancanci karɓa, wa ya halatta ya bayar?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci ɗan Adam, Ya kyautata halittarsa, Ya damƙa masa jikinsa amana. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, sanarwar neman taimako ga mai ciwon ƙoda ta zama abin da kunnuwanmu suka saba ji a masallatan Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Ɗandume da Ƙafur. Idan likita ya furta cewa ƙodojin mutum sun daina aiki, dangi sukan taru a zaure, magana ta tsaya a kan abu biyu: ina za a samo kuɗi, kuma wa zai bayar da ƙodarsa? Kafin a watse an sa gona a kasuwa, an kuma nuna wani ƙane ko ɗa an ce shi ne zai bayar. Alhali akwai tambayoyin da ya wajaba su riga waɗannan: shin majinyacin zai iya ɗaukar dashen? Shin jikinsa zai karɓi ƙodar wanda aka nuna? Shi kuma wanda aka nuna ɗin, lafiyarsa ta isa, kuma da ransa ya yarda? Waɗannan su muke so mu warware, ta fuskar likitanci da ta Shari'a, domin gidajenmu su shiga lamarin da ilimi.

Aikin ƙoda da abin da ke kashe ta

Kowace ƙoda tana ɗauke da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da mafi yawansa cikin jiki, su fitar da dattin ta fitsari. Su ne kuma ke daidaita gishiri da ruwa, suna da hannu a bugun jini da samar da sabon jini. Ciwon ƙoda mai daɗewa yana tafiya ne a matakai 5, kuma sau da yawa ba ya nuna alama sai ya yi nisa. A mataki na 5 aikin tacewa ya faɗi ƙasa da kusan kashi 15 cikin 100, kuma daga nan hanya biyu ce ta rage: wankin ƙoda ko dashe.

Manyan masu kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon suga da kumburin matatan ƙodar. Mu manoma muna da namu ƙarin. Akwai shan magungunan kashe ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen kullum bayan an taso daga gona, da haɗe-haɗen gargajiya da ba a san abin da ke cikinsu ba, da feshin maganin ciyawa babu kariya, da yini a rana babu isasshen ruwan sha. A ƙasashen tsakiyar nahiyar Amurka an ga ciwon ƙoda ya yawaita a tsakanin masu saran rake, masu bincike kuma sun danganta shi da zafi da ƙarancin ruwa a jiki. Akwai kuma tsargiya, wadda tun cikin shekarun 1970 masu bincike daga Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful suka yi nazari mai tsawo a kanta a ƙasar Malumfashi. Idan ta daɗe ba magani takan toshe hanyar fitsari, ƙoda ta kumbura ta lalace.

Wankin ƙoda yakan buƙaci zama sau 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4. Ga mutumin Faskari ko Ɗanja, wannan na nufin jigila zuwa Shika ko Katsina ko Kano, ga kuɗin mota ga na wankin. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga Naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma ko da haka nauyin ya fi ƙarfin mafi yawan gidaje, shi ya sa hankali ke komawa ga dashe.

Daga Boston zuwa Kano

Dashen ƙoda na farko da ya ɗore an yi shi ne ranar 23 ga Disamba, 1954 a birnin Boston na Amurka, a hannun Dakta Joseph Murray, tsakanin wasu tagwaye masu kama ɗaya. Ya yi nasara ne domin jikin tagwayen bai ga ƙodar a matsayin baƙuwa ba. Ga sauran mutane kuwa, garkuwar jiki tana yaƙar duk abin da ba nata ba, sai da aka samu magunguna masu danne ta, musamman daga farkon shekarun 1980, sannan dashe ya yaɗu a duniya. A Nijeriya an fara shi a shekarar 2000 a asibitin St. Nicholas da ke Legas, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya yi nasa na farko a 2002, na Jami'ar Maiduguri kuma a 2010. Kusan duk dashen da ake yi a ƙasar nan daga rayayyen mutum ake ɗaukar ƙodar, saboda haka nauyin yana komawa kan dangi.

Wa ya cancanci karɓa?

Ba duk wanda ƙodarsa ta tsaya ne ake yi wa dashe ba. Da farko sai an tabbatar cewa lalacewar ta dindindin ce, domin akwai tsayawar ƙoda ta farat ɗaya, irin wadda ke biyo bayan amai da gudawa mai tsanani, ko zubar jini wajen haihuwa, ko saran maciji, kuma wannan takan warware bayan 'yan makonni na jinya. Sannan a duba zuciya da huhu, ko za su iya ɗaukar tiyata. Wanda ke fama da ciwon daji da ba a shawo kansa ba, ko tarin fuka, ko wata cuta mai yaɗuwa a jini, sai an yi maganinta tukuna, domin magungunan danne garkuwa za su buɗe mata ƙofa. Ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki ba su rufe ƙofar dashe gaba ɗaya idan ana kan magani kuma an shawo kansu. Tsufa ma shi kaɗai ba ya hanawa. Ƙarfin jiki ake dubawa.

Sharaɗin da aka fi mantawa da shi a zaure shi ne na bayan tiyata. Wanda aka yi wa dashe zai sha magunguna irin su Tacrolimus da Mycophenolate da Prednisolone kowace rana, a kan lokaci, muddin ƙodar tana jikinsa, tare da gwajin jini a kai a kai. Idan ya daina, ko da na 'yan kwanaki ne, jiki na iya juya wa ƙodar baya. Gidan da ya sayar da gona ya biya tiyata bai tanadi kuɗin magani ba, ya yi asara biyu: gonar ta tafi, ƙodar ɗan'uwa ma ta tafi. Don haka kafin a sa hannu, a nemi likita ya lissafa kuɗin magani na shekara, a kuma tsayar da inda zai riƙa fitowa. Idan an kula, ƙodar rayayyen mai bayarwa takan yi shekara 15 ko fiye tana aiki.

Ma'aunai uku na dacewa

Ma'auni na farko shi ne rukunin jini. Mai rukunin O yana iya bai wa kowa, amma shi daga O kaɗai yake karɓa. Mai A yana karɓa daga A ko O, mai B daga B ko O, mai AB kuwa daga kowa. Alamar nan ta “fozitif” ko “negetif” da ake damuwa da ita wajen ƙarin jini da juna biyu ba ta hana dashen ƙoda.

A nan akwai jan kunne. 'Ya'yan uwa ɗaya uba ɗaya suna iya bambanta a rukunin jini. Uba mai A da uwa mai B suna iya haifar ɗa mai O, da mai A, da mai B, da mai AB. Kada saɓanin sakamako ya sa wani ya fara zargin nasabar wani. Nasaba a Shari'a tana tabbata ne da aure, kuma jifan mace mai kamun kai da zargi yana cikin manyan zunubai.

Ma'auni na biyu shi ne tambarin gado da ke kan ƙwayoyin jiki, wanda likitoci ke kira HLA. Da shi garkuwa ke gane nata da baƙo. An fi duba alamomi 6, mutum yana gadon 3 daga uba, 3 daga uwa, a dunƙule. Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki, kuma a nan maganar ta zo daidai da awo. Tsakanin mahaifi ko mahaifiya da ɗa, rabi ya tabbata. Tsakanin shaƙiƙai, kashi 25 cikin 100 su dace gaba ɗaya, kashi 50 su dace rabi, kashi 25 kuma su saɓa gaba ɗaya. 'Yan uba da ba ɗakinsu ɗaya ba, iyakar abin da ake tsammani rabi ne, shi ma a kashi 50 cikin 100. Saboda haka a gida mai ɗakuna da yawa, da 'yan ɗakin majinyaci ake fara gwaji. Inda auren zumunci ya yawaita kuwa, ana iya samun dacewa mai kyau a wurin ɗan baffa ko ɗan goggo. Duk da haka cikakkiyar dacewa ba sharaɗi ba ce. Magungunan zamani sun sa dashe tsakanin miji da mata ko aminai yana yin kyau ƙwarai.

Ma'auni na uku shi ne gwajin gauraya, inda ake haɗa ruwan jinin majinyaci da fararen ƙwayoyin jinin mai bayarwa a ɗakin gwaji. Idan jinin majinyaci ya kai musu hari, alama ce cewa jikinsa ya riga ya tanadi makaman yaƙar wannan ƙodar, kuma idan aka dasa ta zai iya kashe ta cikin awoyi. Abubuwa uku ke sa jiki ya tanadi irin waɗannan makamai: ƙarin jini, da juna biyu, da dashen da aka taɓa yi. Shi ya sa uwar da ta yi haihuwa da yawa jikinta kan ƙi ƙodar mijinta ko ta ɗan da ta haifa, kuma shi ya sa likitoci ke kauce wa yawan ƙarin jini ga wanda ake shirin yi wa dashe. A Amurka da Ingila da Indiya, idan gidaje biyu kowanne mai bayarwarsa bai dace da majinyacinsa ba, akan yi musaya: na wannan gida ya bai wa na wancan, na wancan ya bai wa na wannan.

Lafiyar mai bayarwa

Mai bayarwa lafiyayye ne da zai kwanta a yanka shi ba don ciwonsa ba, don haka binciken da ake yi masa ya fi tsanani. Sai ya kai shekara 18, da cikakken hankali. Ana auna bugun jininsa da sukarinsa, a gwada fitsari, a ɗauki hoton ƙodojin a tabbatar biyu ne kuma kowace lafiya lau, a bincika ciwon hanta da tarin fuka da sauran cututtuka masu yaɗuwa. Wanda ya taso yana wanka a dam ko kududdufi, ya faɗa wa likita domin a duba tsargiya. Mai ciwon suga, da mai hawan jinin da ya ƙi sauka, da mai ƙiba da ta wuce kima, da mai sikila, da mai juna biyu, duk ba a karɓa daga gare su. Akwai kuma ciwon ƙoda na gado, irin wanda ke cika ƙoda da ƙulluttan ruwa. Idan shi ne ya kama majinyaci, ɗan'uwansa ma yana iya ɗauke da shi bai sani ba.

Wanda ya tsallake waɗannan gwaje-gwaje, ƙodar da ta rage masa takan ƙara girma ta ɗauki kusan kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun suke yi, ya koma gonarsa bayan ya warke, ya yi aure, ya haihu. Amma haɗari yana nan: tsoffin alƙaluman Amurka sun nuna mutuwar kimanin mutum 3 cikin 10,000 sanadin tiyatar, akwai ɗan ƙarin yiwuwar hawan jini daga baya, kuma mace tana buƙatar kulawa ta musamman idan ta samu ciki. Haƙƙinsa ne a faɗa masa duk wannan da harshen da yake ji.

Matsayin Shari'a

Malamai sun yi saɓani a kan wannan mas'ala. Wasu, irin su Shaihu Muhammad Mutawalli Sha'arawi na Masar, sun hana, bisa hujjar cewa jiki mallakar Allah ne, mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Amma mafi rinjayen majalisun fatawa sun halatta: Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya a 1982, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka a 1985, da Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda cikin Fabrairun 1988. Sun dogara da cewa kare rai yana cikin manyan manufofin Shari'a, da girman ladan ceton rai da aya ta 32 ta Suratul Ma'ida ta bayyana, da ƙa'idar cewa lalura tana buɗe abin da aka rufe gwargwadon buƙata.

Halascin yana da sharuɗɗa. Amfanin da ake tsammani ya rinjayi cutarwar. Kada gaɓar ta zama wadda rayuwar mai bayarwa ta rataya a kanta, kamar zuciya. Don haka mai ƙoda ɗaya haramun ne ya bayar da ita, domin ba a kawar da cuta da cuta irinta. Mai bayarwa ya zama baligi mai hankali, ya yarda da kansa. Kuma kada a yi ciniki. Wanda ya lura zai ga cewa gwaje-gwajen likita su ne hanyar tabbatar da sharuɗɗan farko, saboda haka ɓoye wa likita wani ciwo domin a samu wucewa ha'inci ne da zunubi.

Ɗalibai sukan tambaya ko ƙoda tana haifar da muharramaka kamar shayarwa. Ba ta haifarwa. Wanda ya bai wa 'yar baffansa ƙoda yana iya aurenta, matar da ta bai wa mijinta aurensu yana nan. Malaman da suka halatta dashe ba su hana karɓa daga wanda ba Musulmi ba. Game da azumi kuwa, likitoci sukan hana wanda aka yi wa dashe yin sa a shekarar farko, bayan haka sai abin da likitansa ya gani. Mai fatan samun dama ya rama, wanda uzurinsa ya ɗore ya ciyar.

Yarda, kunya da ciniki

A nan ne gidajenmu suka fi zamewa. Idan babban wa ko uba ya dubi yaro a gaban dangi ya ce, “Kai za ka bai wa Yayanka,” yaro zai sunkuyar da kai ya ce, “To, Baba.” Wannan “to” ta kunya ce, kuma abin da aka karɓa da takobin kunya bai halatta ba ko da dukiya ce, balle tsokar jiki. Bayar da ƙoda sadaka ce ta ganin dama. Ba ta wajaba a kan ɗa don umarnin uba, ko a kan mata don umarnin miji, kuma wanda ya ji ba zai iya ba bai yanke zumunci ba. Abin da ya dace shi ne a sanar da manyan dangi gaba ɗaya, a bar mai niyya ya kai kansa, ya yi istihara, ya shawarci iyalinsa. A cibiyoyin dashe ana ganawa da mai bayarwa shi kaɗai, kuma yana da damar janyewa har ranar tiyata ba tare da an tona dalilinsa ba. Duk wanda aka tura ba da son ransa ba, ya faɗa wa likita a wannan ganawa.

Mafi muni shi ne a juya ga mai rauni: yaron gida, ko ɗan ƙwadago, ko almajiri, ko wanda rashin tsaro ya raba da ƙauyensa, a yi masa alkawarin babur ko fili ko jari. Duk abin da aka yanka kafin tiyata farashi ne, ko da an kira shi kyauta ko tukwici. Abin da ya halatta shi ne a ɗauke masa kuɗin asibiti da na mota da abin da ya rasa na kwanakin jinya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki, ta hana cire irin wannan gaɓa daga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma taƙaita aikin ga asibitocin da aka ba izini. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah: a watan Mayun 2023 wata kotu a Landan ta ɗaure tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa Ike Ekweremadu shekara 9 da wata 8, tare da matarsa da wani likita, saboda kai wani matashi ɗan talla daga Legas domin a ciri ƙodarsa, bayan an gabatar da shi a matsayin ɗan'uwa. Dillalin da ya ce zai samo maka “mai bayarwa” a gida ko a waje, yana kiranka ne zuwa ga haram da kurkuku.

Abin da ya rage a kanmu

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yankinmu na masara da dawa da shinkafa ne, kuma zakkar amfanin gona ɗaya cikin goma ce ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da inji. Majinyacin da ciwo ya talauta, ko bashin magani ya danne, yana cikin masu haƙƙi a kanta. Da kwamitocin masallatai za su ware wani kaso a lokacin kaka domin maganin wata-wata na waɗanda aka yi wa dashe, ko wani mai hali ya yi waƙafin gona guda domin haka, da ya fi tara kuɗi sau ɗaya bayan sallar Juma'a amfani. Haka kuma mai bayarwa yana da haƙƙi a kan dangi: a noma masa gonarsa a daminar da yake jinya, a riƙa tuna masa awon jini da fitsari kowace shekara.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Duk wanda ya haura shekara 40, ko yake da hawan jini ko suga, ko aka taɓa ciwon ƙoda a gidansu, ya je babban asibitin Funtuwa ko na Malumfashi ko wanda ya fi kusa da shi, a auna jininsa a gwada fitsarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Mai zuwa gona ya tafi da ruwan sha, mai feshi ya rufe jikinsa, a kuma daina mayar da maganin ciwon jiki abincin dare. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti, domin tsargiya tana da magani mai sauƙi.

Muna roƙon Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinyarsu da masu sadaukar da sashen jikinsu dominSa da mafificin alheri, Ya kare mu daga cin haƙƙin mai rauni. Allah ne Mafi sani.